Yadda ake zaɓen ƙaramar kwamfutar tebur mai rahusa don kallo a gida

A gidaje da dama na biranenmu, talabijin ɗin falo ya daina zama na kama tashoshi kaɗai. Uwargida na bibiyar shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So a YouTube, maigida na son ya ga bidiyon bikin 'yarsa a babban allo, yara kuma suna da darussa da wasanninsu. Wayar hannu ta yi ƙanƙanta ga wannan hidima, kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa takan bi mai ita zuwa ofis ko kasuwa. Wannan giɓi ne ƙaramar kwamfutar tebur ke cikewa.

Akwati ce da ba ta wuce girman littafi mai kauri ba. Ba ta da allo, ba ta da batir, ana jona ta da talabijin ne ta waya ɗaya, a ajiye ta a kan kanta ko a maƙala ta a bayansa. Kamfanin Apple ya fito da Mac mini a 2005, daga baya Intel ya yaɗa irin wannan ƙira da samfurinsa na NUC, wanda ya miƙa wa ASUS a 2023. A yau kamfanoni da yawa ke ƙera ta, kuma a nan ne mai saye ke iya ruɗewa, domin akwatuna biyu masu kama da juna a ido na iya bambanta da shekara goma a ciki.

Wa ke buƙatarta?

Wanda kallonsa bai wuce YouTube da Netflix ba, talabijin mai intanet ko ƙaramin akwatin Android ya ishe shi, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Amfanin kwamfuta yana fitowa ne ga wanda ke son abu ɗaya ya yi masa ayyuka da yawa: ya adana finafinai da hotunan iyali masu yawa, ya buɗe kowane irin bidiyo ba tare da an ce masa ba ya buɗuwa ba, sannan da rana ɗan kasuwa ya yi lissafinsa a Excel, ma'aikaci ya rubuta takardarsa, ɗalibi ya gwada tambayoyin jarrabawar JAMB.

Iri biyu da ke kasuwa

Na farko su ne na hannu da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka. Fitattu a cikinsu uku ne: OptiPlex Micro na Dell, EliteDesk Mini da ProDesk Mini na HP, da ThinkCentre Tiny na Lenovo. An ƙera su ne don su yi aiki wuni guda kullum, saboda haka suna da ƙarko, ana buɗe su cikin sauƙi, kuma kayan gyaransu ba su da wuyar samu a manyan kasuwannin na'urori kamar Computer Village da ke Ikeja ko Banex da ke Abuja.

Na biyu sababbi ne fil daga kamfanonin ƙasar Sin irin su Beelink, GMKtec da Minisforum. Masu rahusa a cikinsu galibi suna ɗauke da firosesa Intel N100 da ya fito a farkon 2023, ko danginsa. Ba shi da ƙarfin manyan ayyuka, amma a fannin bidiyo ya ƙware, kuma wutar da yake ci kaɗan ce ƙwarai. Rauninsu shi ne idan suka lalace, samun kayan gyara ko cin gajiyar garanti kan yi wuya.

Zubi ya fi suna

Babban tarkon da masu saye ke faɗawa shi ne sunan firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da na'urar. Mai shago zai ce "Core i7 ce," mai saye ya ɗauka ya yi babban kamu. Alhali Intel ya fara amfani da wannan suna tun 2008, kuma kusan kowace shekara yana fitar da sabon zubi. Core i5 na zubi na 8 ya fi Core i7 na zubi na 3 amfani nesa ba kusa ba.

Gane zubin ba shi da wuya. Ana duba lambar da ke bin sunan: i5-6500T zubi na 6 ne, i5-8500T na 8, i5-10500T kuma na 10. Harafin T da ke ƙarshe yana nufin irin da aka rage wa cin wuta, wanda aka saba sa wa ƙananan akwatuna.

Dalilai biyu ne suka sa wannan lamba ke da muhimmanci. Na farko, Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma a ƙa'ida yana neman Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Wannan ya sa kwamfutocin zubi na 6 da na 7 suka kwararo kasuwa da araha. Wasu masu shago kan tilasta musu Windows 11 ta bayan fage, ta yi aiki a gaban mai saye, amma Microsoft bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata da gyaran tsaro ba. Ga wanda zai shiga asusun bankinsa ko imel ɗin ofis da ita, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Misalan waɗanda suka cika sharaɗi sun haɗa da OptiPlex 7060 Micro, EliteDesk 800 G4 Mini da ThinkCentre M720q.

Na biyu shi ne yadda ake warware bidiyo. Kowane fim a dunƙule yake zuwa, kuma akwai hanyoyin dunƙulewa daban-daban: H.264, HEVC, VP9 da AV1. Idan firosesa yana da sashe na musamman da ke warware irin da aka aiko, hoto zai tafi sumul, na'urar ba za ta yi zafi ba. Idan babu, sai ta yi ta fama, fanka na ƙugi, hoto na sarƙewa. Daga zubi na 7 Intel ya iya warware HEVC da VP9 masu ingancin 4K. AV1 kuwa, wanda YouTube da Netflix ke ƙara amfani da shi, sai daga zubi na 11, kuma N100 yana da shi. Wannan ne ya sa ƙaramin N100 kan kunyata tsohuwar Core i7 a wajen kallo.

Wanda yaransa ke son wasannin kwamfuta masu ɗan nauyi ya karkata ga masu AMD Ryzen, domin sashen hotonsu na Radeon ya fi na tsofaffin Intel ƙarfi. Amma manyan wasannin zamani ba aikin akwati mai rahusa ba ne.

Kafar da za ta shiga talabijin

Kafin a tafi kasuwa a leƙa bayan talabijin, a kuma leƙa bayan kwamfutar kafin a biya. Talabijin yana karɓar HDMI ne, amma yawancin kwamfutocin ofis kafar DisplayPort suke da ita, wadda ke kama da HDMI a ido amma ba sa shiga juna. Ana warware wannan da ƙaramar mahaɗa da ake saya daban. Tsohuwar kafar VGA mai launin shuɗi kuwa hoto kawai take kaiwa, ba ta kai sauti.

Ita ma HDMI hawa-hawa ce. Ta 1.4 tana kai hoton 4K sau 30 a daƙiƙa, ta 2.0 kuma sau 60. Ga mai talabijin na 1080p wannan bambanci bai shafe shi ba. Ga mai 4K kuwa, musamman mai kallon ƙwallo, zai ga bambancin a motsin hoto.

Ma'adana

RAM mai gigabait 8 ya wadatar ga kallo da ƙananan ayyukan ofis. Mai gigabait 4 zai kunna Windows 11, amma da jan ƙafa. A wajen adana bayanai a nemi SSD, aƙalla mai gigabait 256, a guji tsohon faifai mai juyawa a matsayin mazaunin Windows. A kuma yi hattara da akwatuna masu arha sosai da ke zuwa da ma'adanar eMMC ta gigabait 64 a manne da allon na'urar: da ta cika, babu hanyar sauya ta. Finafinai da bidiyon bukukuwa ana iya tara su a faifan waje da ake jonawa ta USB.

Wuta, zafi da ƙura

A nan ne ƙaramar kwamfuta ta yi wa babba fintinkau. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa sama da Naira 200 kowane yunit, lissafin wat ya shiga kasafin gida. A ɗauki misalin akwati mai cin wat 15, ana kunna shi awa 5 kullum: a wata yunit 2.25 ke nan, wato kimanin Naira 450 a kan farashin Naira 200. Babbar kwamfuta mai cin wat 150 za ta ci ninki goma. Ga mai sola ko inbata, wannan na nufin batir zai daɗe.

Sai dai rashin batir ɗinta yana da nasa illa. Da zarar an ɗauke wuta take mutuwa nan take, kuma yawan hakan na iya ɓata Windows ko bayanan da ake ajiyewa. Ƙaramar UPS ko jona ta a layin inbata ita ce rigakafi. A tabbatar kuma cajarta ta asali ce. Yawancin na ofis suna amfani da mai wat 65, kuma jabun caja na iya rage mata gudu ko ya ƙona ta.

A watannin bazara da zafi ke haura digiri 40 a Kano, Sakkwato ko Maiduguri, kada a kulle ta a cikin durowa, kada kuma a rufe ta da ƙyalle don ado. Bayan hunturu a buɗe ta a busa ƙurar da ta taru a fanka.

Kuɗin da ba a gani

Kwamfuta sau ɗaya ake saya, data kuwa kullum ne. A ƙiyasin Netflix, kallon awa ɗaya na hoto mai inganci na iya cin gigabait 3, na 4K kuma har 7. Iyalin da ke kallon awa biyu kowane dare a 4K za su iya cinye gigabait 420 a wata. Wanda bai da intanet mara iyaka gara ya rage ingancin hoto zuwa 720p ko 1080p, ya kuma riƙa kallon abin da ya adana ta manhajojin kyauta irin su VLC ko Kodi. A sa kuɗin allon rubutu mara waya mai haɗe da linzami a cikin kasafi, domin shi ne zai zama rimot.

Kafin a biya

Gani ya kori ji. A sa mai shago ya kunna ta, a shiga saitunan Windows a karanta lambar firosesa da girman RAM da ido, kada a dogara da takardar da aka liƙa a jiki. A tambaya ko tana da Wi-Fi da Bluetooth, domin da yawa daga na ofis da wayar intanet aka yi amfani da su, babu waɗannan a ciki. A kunna bidiyon YouTube mafi inganci na minti goma, ana sauraren fanka, ana duba ko hoto na tsayawa. A gwada kowace kafar USB. A tabbatar ba a kulle saitunan BIOS da kalmar sirri ta tsohon ofishinta ba. A ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da adadin kwanakin da za a iya mayar da ita.

Ga mai talabijin na 1080p da ke son kallo haɗe da aikin ofis, ta hannu mai Core i5 zubi na 8, RAM gigabait 8 da SSD 256 ta isa. Ga mai 4K da ke kan sola, sabuwa mai N100 da HDMI 2.0 ta fi dacewa. Duk wadda ta gaza zubi na 8, komai sauƙin kuɗinta, a saye ta da sanin cewa ta kallo ce kawai, ba ta banki ba. Sayen nagari, in ji Hausawa, mayar da kuɗi gida ne.