Germfree Adolescents: yadda aka karɓi faifan X-Ray Spex

Germfree Adolescents shi ne faifan farko na ƙungiyar X-Ray Spex ta birnin Landan. Kamfanin EMI ne ya fitar da shi a watan Nuwamban 1978, ɗauke da waƙoƙi 12, a salon pank, wani reshe na kiɗan rok mai sauri da kaushi wanda ya mamaye matasan Birtaniya daga 1976. Jagorar ƙungiyar, wadda kuma ta rubuta waƙoƙin, ita ce Poly Styrene. Sunanta na yanka Marianne Elliott-Said. An haife ta a 1957, mahaifinta ɗan Somaliya ne, mahaifiyarta kuma baturiya, a unguwar Brixton ta girma. Laƙabin nata daga sunan farin soson roban nan da ake cusawa cikin kwalin rediyo ko talabijin ta samo shi, don yi wa zamanin kayan roba shaguɓe.

Ta kafa ƙungiyar ne bayan ta kalli wasan Sex Pistols a garin Hastings ranar 3 ga Yulin 1976, ranar da ta cika shekara 19. Abin da ya raba sautinsu da na sauran shi ne busar sakso, algaitar turawa, wadda ba a saba jin ta a pank ba. Wata ƴar makaranta, Lora Logic, ce ta fara busa musu, amma an sallame ta kafin a naɗi faifan, Rudi Thomson ya maye gurbinta. Manajansu Falcon Stuart ne ya jagoranci naɗin.

Abin da masu sharhi suka ce a 1978

Jaridun kiɗa na Birtaniya sun yaba. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne kalmomin: tallace-tallace, manyan kantuna, man goge baki, turaren hammata, da yadda kamfanoni ke koya wa matashi jin ƙyamar jikinsa don ya sayi abin tsaftace shi. Ma'anar sunan faifan ke nan, samari da ƴanmatan da ba su da ƙwayar cuta ko ɗaya. A bangonsa ma an sa hoton mawaƙan a cikin kwalaben gwaji irin na ɗakin kimiyya. Sauran mawaƙan pank na zagin sarauniya da ƴansanda, ita kuwa ta ɗora ido a kan kantar mai shago.

An yi ƙorafi ɗaya mai tushe. Wasu daga cikin waƙoƙin, kamar "Identity" da "The Day the World Turned Dayglo", sun riga sun fito a ƙananan fayafai, don haka wanda ya saye su tun farko ya biya kuɗi sau biyu. Wani abin mamaki kuma, waƙar da ta fara fito da sunansu a 1977, "Oh Bondage Up Yours!", ba ta cikin faifan, domin kamfanin Virgin ne ya fitar da ita.

A kasuwa abin bai kai yabon ba. Faifan ya tsaya a matsayi na 30 a jerin waɗanda aka fi saye a Birtaniya, waƙar da aka raɗa masa sunanta kuma ta kai na 19. A Amurka ba a ma fitar da shi ba sai a farkon shekarun 1990, duk da cewa ƙungiyar ta yi wasa a gidan rawa na CBGB da ke New York a 1978. Robert Christgau, mai sharhi a jaridar Village Voice, yana cikin waɗanda suka koka da hakan.

Masoya da nauyin da suka ɗora mata

Nan ne labarin ya fi nauyi. Poly Styrene ba ta yi kama da taurarin da aka saba gani a talabijin ba. Gajeriya ce, ruwa biyu, da ƙarfen daidaita haƙora a bakinta, tana sa tufafi masu launin kashe ido, muryarta kuma kamar za ta tsaga bango. Ta ƙi yarda a tallata jikinta. Ƴanmata da yawa sun ga kansu a cikinta, haka ma yara baƙaƙe da ƴan ruwa biyu, a lokacin da ƙungiyar National Front mai ƙin baƙi ke maci a titunan Landan. Ranar 30 ga Afrilun 1978, X-Ray Spex ta hau dandamali tare da The Clash da Steel Pulse a babban gangamin yaƙi da wariyar launin fata a filin Victoria Park, gaban dubun dubatar jama'a.

Sai dai ƙaunar ta zo da wahala. Ƴan jarida sun riƙa tsokaci a kan ƙibarta da haƙoranta, abin da ba a yi wa mawaƙa maza. Ƴan kallon pank kuma suna da al'adar tofa wa mawaƙi yawu, wai nuna jin daɗi ke nan. A 1978 ta samu matsalar ƙwaƙwalwa, aka kwantar da ita a asibiti, likitoci suka yi kuskuren gano cutar. Sai a 1991 aka tabbatar cewa cutar sauyin yanayin rai ce, mai kai mutum ƙololuwar zumuɗi sannan ta jefa shi cikin baƙin ciki. Ƙungiyar ta watse a 1979. Da ta fitar da Translucence a 1980, faifai mai sanyi da ya karkata ga jaz, masu jiran ihu ba su karɓe shi ba. A ganina wannan rashin adalci ne, domin waƙar da ta fi samun kasuwa a faifan farko ma a hankali take tafiya.

Darajarsa daga baya

Sake fitar da faifan a farantin CD, tare da ƙara masa "Oh Bondage Up Yours!", ya zo daidai da tasowar riot grrrl, yunƙurin mata masu kiɗan pank a Amurka. Kathleen Hanna ta ƙungiyar Bikini Kill ta sha bayyana cewa Poly Styrene ce ta share musu hanya. Neneh Cherry ma ta faɗi irin tasirin da muryar ta yi mata. A 2020 mujallar Rolling Stone ta sa faifan a matsayi na 354 cikin fayafai 500 da ta ɗauka mafiya daraja. Sharhin yanzu ya fi tsayawa a kan maganar roba da talla, wadda ake ganin ta riga zamaninta, da kuma matsayinta na mace mai jinin Afirka a fagen da fararen maza suka cika.

A Satumban 2008 ƙungiyar ta sake haɗuwa ta yi wasa a zauren Roundhouse na Landan, tikiti suka ƙare. Poly Styrene ta rasu ranar 25 ga Afrilun 2011 sakamakon cutar dajin mama, tana da shekara 53. Ɗiyarta Celeste Bell ta haɗa kai da Zoë Howe suka wallafa littafin tarihinta, Dayglo, a 2019, sannan a 2021 ita da Paul Sng suka shirya fim ɗin Poly Styrene: I Am a Cliché, inda ƴar wasa Ruth Negga ta karanta rubuce-rubucen da marigayiyar ta bari.