Inda Makaɗan Hausa Ke Samo Nishaɗinsu

Tsakanin 1949 da 1950 wani manazarci mai suna M. G. Smith ya zauna a ƙasar Zazzau yana binciken zaman Hausawa. Da ya zo jera sana'o'i bisa darajar da jama'a ke ba su, sai makaɗa da maroƙa suka faɗo can ƙasa, kusa da mahauta. Ba sabon labari ya kawo ba. Kowa ya san gidajen da ba sa ba makaɗi 'ya, kuma tun zamanin jihadin 1804 malamai ba su sakar wa yawancin kiɗa fuska ba. Amma mutanen nan da ake yi wa kallon hadarin kaji, su ne biki ba ya armashi sai da su. Manomi a gayya yana jiran gangar noma, ɗan dambe yana jiran kalangu ya tsuma shi, sarki ma ranar hawa ba ya fita shiru. To mutumin da aka raina, kuma aka ɗora wa faranta ran gari, shi wa ke faranta masa?

Sana'ar ce da kanta ta yi masa tanadi, kuma babban tanadin shi ne ba ta barinsa shi kaɗai.

Makaɗin gargajiya da ƙungiya yake tafe: masu kiɗa, 'yan amshi, da sanƙira mai ɗaga murya yana kirari yana sanar da kyautar da aka yi. Galibinsu 'yan gida ɗaya ne. Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya koyi kiɗa, ya kuma yi wa yayansa Kurna amshi kafin jagoranci ya zo hannunsa. Da ya zo, 'ya'yansa ya jera a bayansa. Wanda ya saurari faifansa da kunnen basira zai ji cewa waƙar ba ta mutum ɗaya ba ce. Shi zai ɗauko zance ya sake shi a tsakiya, yaran su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da abin da bai faɗa ba, ya dawo ya karɓa. Idan muryarsa ta gaji, amshi ya ba shi sararin numfashi. Idan wani ɗan waƙa ya kuɓuce masa, kafin masu sauraro su ankara an rufa masa asiri.

A wurin shirya waƙa ma haka abin yake. Da dare, bayan an ci tuwo, a shimfiɗa tabarma a zaure ko a ƙofar gida. Mai kotso ya gyara danƙon da ke tsakiyar fatar, ya ɗan buga da yatsu ya kasa kunne, ya sake dannawa har sautin ya zauna. Jagora ya kawo gindin waƙa, a yi ta juya shi. Wani ya ce kalmar nan ta yi nauyi, wani ya jefo habaicin da zai sa kowa ya kwashe da dariya, a ajiye wannan a ɗauki wancan. Duk shakkar da ke cin mai fasaha, ko abin nan ya yi ko bai yi ba, a nan take mutuwa tun kafin a kai fada, a gaban mutanen da abincinsu ke cikin waƙar kuma ba sa jin nauyin gaya masa gaskiya.

Sai ubangida. Makaɗin fada yana da sarkinsa, kuma sarkin ne ke ɗauke masa abin da ke hana mutum barci: gida, gona, hatsi, rigar salla, doki, har da hidimar aure. Ibrahim Narambaɗa ya yi zamaninsa a Isa tare da Sarkin Gobir Ahmadu, kuma natsuwar da ke cikin waƙoƙinsa, irin yadda yake ɗaukar lokaci yana saƙa magana, ba ta mai tunanin abin da za a ci gobe ba ce. Salihu Jankiɗi ya samu irin wannan inuwa a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Har sarauta ake naɗa su, Sarkin Kiɗa ko Sarkin Taushi, da rawani da komai, wanda ya isa ya goge wa mutum wani abu daga cikin rainin waje.

Inuwar dai tana da farashi, kuma ba ƙarami ba. Makaɗin fada ba shi da ikon yi wa wanda ya ga dama waƙa sai da yardar ubangidansa. Maƙiyin sarki dole ya zama nasa, ya yi masa zambo ko da babu abin da ya taɓa haɗa su. Ranar da aka tuɓe sarki ko ya rasu, makaɗi kan wayi gari bai san matsayinsa ba a wurin magaji. Kwanciyar hankali ce ta aro, mai ita kan iya karɓewa.

Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, bai bi wannan hanya ba. Bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ba. Ya taso yana tallan goro da alewa, yana waƙa a dandali don jin daɗi, kuma wannan ɗabi'a ta wasa ba ta bar shi ba har tsufa. Ya ɗauki kalangu, kiɗan mahauta da 'yan mata, ya shiga da shi gaban sarakuna da gwamnoni. Ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa attajiri, ya yi wa tsuntsaye da dabbobi. An san shi da ƙirƙirar waƙa nan take: a ba shi amshi gajere ana maimaitawa, shi kuwa ya hau kai yana zuba abin da idonsa ya gani a wurin. Mutumin da ke waƙa haka ba ya ɗauke da fargabar kuskure, domin bai yi wa kowa alkawarin maimaita ta jiya ba. Duk da 'yancin nasa, ƙungiya bai rabu da ita ba, kuma amincinsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya kai har a Daura aka binne shi a 1999. Shekara goma sha ɗaya kafin nan, a 1988, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta, abin da mahaifin da ya hana shi waƙa ba zai taɓa kawowa a ransa ba.

Ɗan Maraya Jos shi ne wanda ya fita zakka. Shi kaɗai yake tsayawa, da kuntiginsa: ɗan gwangwani da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya ɗaya tak. Maraici ya taso da shi a Bukur, kuma bai ɓoye shi ba, ya mai da shi sunan da duniya ta san shi da shi. Abin da ya rasa na 'yan amshi sai ya nema a cikin talakawa, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata masu rigima, yana sauya murya yana kwaikwayon miji da mata har mai sauraro ya manta mutum ɗaya ne. Ya rasu a 2015.

Mata kuwa sun yi nasu tanadin a cikin gida. Kiɗan ƙwarya na amada, inda ake kife ƙore ana bugawa, wata a kan ruwa, sha'ani ne na biki da suna, babu namiji a tsakar gidan. A nan ake fitar da abin da ya daɗe yana cin rai game da kishiya da miji da talauci, a mai da shi abin dariya da rawa. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fito da amada fili, tana zaburar da mata su kama sana'a, tana rera abin da wasu ke jin kunyar furtawa, ita da matan da ke mata amshi suna dariya tare a tsakiyar waƙa.

Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, da faifai da kaset sun kai muryoyin nan nesa ba tare da sun rushe ƙungiya ba, domin dole a kwaso kowa a kai gaban makirfo. Canjin gaske ya zo ne bayan 1990, da finafinan bidiyo na Kano da fiyanon situdiyo. Yanzu mutum ɗaya a gaban kwamfuta yana iya fitar da kalangu da amshi duka. An samu sauƙi, an samu 'yanci, yaron da ba ɗan kowa ba yana iya yin suna cikin mako guda. Amma mawaƙin yakan shiga ɗakin ɗaukar murya shi kaɗai, ya saki waƙar a waya, sannan ya zauna yana karanta yabo da zagin mutanen da bai taɓa gani ba. Babu zauren da za a fara tace masa ita, babu wanda zai karɓe masa idan numfashi ya ƙare, kuma ubangidan yau sau da yawa ɗan siyasa ne da ke mantawa da shi bayan zaɓe. Masu tsara harkar waƙa a Kano da Kaduna sun fi maganar kuɗi da satar fasaha, alhali wannan kaɗaicin ma ya cancanci a zauna a kansa.

A Maradun dai zuriyar Ɗanƙwairo ba ta ajiye kotso ba. Har yanzu ana gayyatarsu naɗin sarauta da bukukuwa, kuma a ƙungiya suke zuwa.