Guduma aka je nema, aka tono dukiyar Rumawa

Yau za mu ɗan taɓa tarihi.

A 1992, gudumar wani manomi ta ɓace a gona a ƙauyen Hoxne, Ingila. Abokinsa ya zo da na'urar gano ƙarfe zai nemo masa, sai ga tsabar kuɗin Rumawa 14,865, yawancinsu azurfa, waɗanda aka binne bayan shekarar 407. Bai yi rawar jikin kwashewa ba, hukuma ya kira. Masana suka tone a tsanake, aka biya shi fam miliyan 1.75, suka raba da manomin.

Mu ma ƙasarmu tana ɓoye da tarihi. A Durɓi Takusheyi, ƙaramar hukumar Mani a Katsina, an tone kaburburan sarakunan dā a 1907 da 1992. An samu tasoshin tagulla da wuri da 'yan kunnen zinare, shaidar cewa fataucin kakanninmu ya ƙetare Sahara tun kafin zuwan Turawa.

To ɗan uwa, in kana huɗa ko haƙa fandisho a Roni ko Gwiwa ka ci karo da tsohon kuɗi, kar ka goge, kar ka kai wa maƙeri. In an narkar, tarihin ya tafi ke nan. Ɗauki hotonsa a inda yake, ka kunna lokeshon, ka sanar da mai gari da Gidan Makama a Kano.

Kuma kar manhajar gano ƙarfe ta ruɗe ka. Kamfas ɗin wayarka baƙin ƙarfe yake ji, ba ya jin azurfa.