Tarihin Gatarin Amurka Da Maƙeransa

A ƙasar Amurka akwai wani ɗan gatari mai kama da barandaminmu, ana ce da shi tomahok. Sunan daga bakin mutanen ƙasar na asali ya fito, waɗanda Turawan Ingila suka tarar a Bajiniya sa'ad da suka kafa garin Jamestown cikin 1607. A zamanin nan mutanen ba su narka tama, da dutse su ke yin gatarinsu. Da fatake Turawa suka kawo na ƙarfe, sai suka riƙa ba da fatun namun daji suna karɓa, sannu a hankali aka bar sassaƙar dutse.

Ga yadda maƙeran su ke yi. Su kan sami sandar baƙin ƙarfe mai laushi, su lanƙwasa ta biyu, su bar kafa inda ƙota za ta shiga. Sa'an nan su cusa ɗan ƙarfe mai tauri tsakanin leɓɓan, su barbaɗa yashi don kada tsatsar wuta ta hana kamu. A yi ta zuga har ƙarfen ya kusa fari, a ɗora bisa uwar maƙera, a buga da masaba har ukun su zama ɗaya. Dalili kuwa, mai taurin tsada gare shi, amma shi ke riƙe kaifi, mai laushin kuma shi ke jure duka.

Wannan dabara ta haɗa ƙarfe iri biyu tsohuwa ce ƙwarai. Cikin 1939 aka tone wani kabari a Sutton Hoo, ƙasar Ingila, aka sami takobi wanda ya shekara fiye da 1,300. An murɗa sandunan ƙarfe kamar igiya, an buge su wuri ɗaya, har zane ya fito a jikinsa. Gatarin ciniki na dā bai cika samun wannan ado ba. Sai bayan da wani maƙerin Amurka, Bill Moran, ya nuna wuƙaƙe masu irin zanen nan cikin 1973, sana'ar ta farfaɗo, har yau masu ƙira suna ninka ƙarfe suna yin gatura da shi.

To, ku ji darajar maƙeri. Cikin hunturun 1804 zuwa 1805, ayarin Lewis da Clark, masu binciken ƙasa, ya sauka bakin kogin Misuri kusa da kabilar Mandan. Sanyi ya tsananta, farauta ta yi wuya. Sai maƙerinsu, John Shields, ya hura wuta, yana gyaran fartanya yana ƙera gatura, mutanen gari suna biya da masara. Masabarsa ta ciyad da ayarin nan har sanyi ya wuce.

Amma mu duba ɗaya gefen. Manoman da suka cika rumbu su ne ke ɗauko hatsinsu su kai wa baƙo, don ba su da maƙeri nasu. Wanda makaminsa da kayan nomansa ke hannun wani, wuyansa ma yana hannun wannan.

Mu Allah ya ba mu maƙera tun kaka da kakanni. Saboda haka, ku 'yan makaranta, in kun wuce maƙera kada alƙalami ya sa ku raina mai zugazugi. Ku tsaya ku gaishe shi, ku tambaye shi yadda ya ke gane zafin ƙarfe da ido. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.