Yadda ake buɗe makullin aljihun tsohuwar mota idan ya cije, ba tare da an yi ɓarna ba

A gaban kujerar mai zaman banza, a jikin dashbod, akwai ɗan akwati mai murfi wanda direbobi da yawa ke kira aljihun mota. A nan ake ajiye takardun mota, da na inshora, da lasin tuƙi, wani lokaci har da kuɗi ko magani. Ba a cika tunawa da makullinsa ba sai ranar da ya cije, kuma sau da yawa ranar kan zo daidai da lokacin da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ko 'yan sanda suka tsayar da mota a shingen bincike suna neman takardu. Direban da ya ce takardunsa na ciki amma akwatin ya ƙi buɗuwa ba lallai ne a saurare shi ba, don haka abin da kan fara zuwa masa a rai shi ne ya sa sukundireba ya ɓalle murfin.

A tsohuwar mota, wannan ɓallewar ita ce asara mafi girma. Mafi yawan abin da ke sa makullin ya cije ƙaramar matsala ce: datti, ko busasshen giris, ko mabuɗin da ya cinye, ko kaya da suka danne murfin daga ciki. Amma murfin da ya tsage ko dashbod ɗin da ya fashe ba kowace kasuwa ake samun irinsu ba, domin kamfanonin da suka ƙera su sun daɗe da daina yi. A wannan bayani, makulli na nufin abin da ke jikin murfin, mabuɗi kuma ƙarfen da ake zura masa.

Motocin da abin ya shafa

Tsofaffin motocin da har yanzu ake gani a titunan Najeriya suna da tarihin da ya haɗu da na masana'antun ƙasar. An fara fitar da Peugeot 504 a Faransa a 1968, ta kuma lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa. A zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, ƙarƙashin manufar rage facaka, Peugeot ta zama motar manyan jami'an gwamnati. A Legas kuma kamfanin Volkswagen ya riƙa harhaɗa Beetle tun daga tsakiyar shekarun 1970. Akwai kuma Mercedes-Benz samfurin W123 da aka fara sayarwa a 1976, wadda 'yan kasuwa da manyan ma'aikata suka yi yayi.

Ba duka waɗannan motoci ne ke da makulli a aljihunsu ba. Wasu samfuran maɓalli kawai gare su, wanda ake dannawa ko a murɗa. Duk da haka sakatar da ke riƙe murfin kusan iri ɗaya take aiki, kuma matakan da ke ƙasa sun shafi dukkansu.

Yadda makullin yake aiki

Makullin aljihun mota yana da sassa uku. Na farko shi ne ɗan ƙarfe mai siffar ganga wanda mabuɗi ke shiga cikinsa. A cikin gangar akwai wasu siraran faranti na tagulla, kowanne da ɗan sifirin da ke turo shi waje. Idan babu mabuɗi, bakunan farantan kan fito su shige wani rami a jikin kwanson makullin, sai su hana gangar juyawa. Idan aka zura mabuɗin da ya dace, haƙoransa kan ja kowane faranti ya koma daidai da jikin gangar, sai ta sami damar juyawa.

Sashe na biyu shi ne harshen sakata, wanda gangar ke motsawa idan ta juya. Na uku shi ne ƙarfen da ke jikin dashbod wanda harshen ke kamawa idan an rufe murfin. Matsala na iya kasancewa a kowane ɗaya daga cikin ukun, kuma maganinsu ya bambanta.

Akwai abin da ya kamata a sani game da ƙarfen da aka yi kwanson da shi. A yawancin tsofaffin motoci gaurayen ƙarfe ne mai zinki da aka zuba a mazubi. Irin wannan ƙarfe ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, kuma yana ƙara gautsi idan ya tsufa. Haka robar dashbod take, musamman wadda ta shafe shekaru talatin ko arba'in tana shan ranar Kano ko Maiduguri ta cikin gilashin gaba.

A fara da gano alamar

Matakin farko shi ne a tabbatar mabuɗin da ke hannu shi ne na wurin. Motoci da yawa na wancan zamani sun zo da mabuɗi fiye da ɗaya. Mercedes-Benz W123 tana da babban mabuɗi da ke buɗe ko'ina, da kuma wani na biyu da ke buɗe ƙofa ya tayar da mota amma ba ya buɗe but ko aljihun gaba, domin a iya miƙa shi ga mai wanki ko makanike. Motocin General Motors na Amurka ma sun daɗe suna zuwa da mabuɗi biyu. Ban da wannan, motar da ta bi ta hannun mutum biyar ko shida, da wuya a ce ba a taɓa canja mata makullin tayarwa ba, alhali na aljihun yana nan yadda ya fito daga kamfani.

Idan mabuɗin ya ƙi shiga har ƙarshe, akwai datti ko tsatsa ko guntun wani karyayyen mabuɗi a cikin ramin. Idan ya shiga amma ya ƙi juyawa, farantan ne suka maƙale, ko kuma haƙoran mabuɗin sun cinye har ba sa ɗaga su yadda ya kamata. Idan ya juya amma murfin bai buɗe ba, gangar lafiyarta ƙalau, harshen sakata ne ya cije. Idan kuwa ya riƙa juyawa sakaka babu wata turjiya, to abin da ya haɗa gangar da harshen ya karye ko ya zame, kuma babu man da zai gyara wannan.

Matakan da ba sa ɓata komai

Abu mafi sauƙi, wanda kuma ya fi yawan yin aiki, shi ne a danna murfin ciki da tafin hannu a daidai saitin makullin, sannan a murɗa mabuɗin a hankali. Idan aljihun ya cika da kaya, nauyinsu kan tura murfin waje, harshen ya matsu da ƙarfen da yake kamawa har ya kasa zamewa. Dannawar na sauke masa nauyin. Ana iya haɗawa da ɗan ɗaga murfin sama ko tura shi gefe, domin a tsohuwar mota hinji kan saki, murfin ya karkace. Bubbuga gefen makullin da ƙotar sukundireba a hankali kan taimaka wajen sakin farantin da ya maƙale. Gara a gwada da safe ko a inuwa, saboda roba kan kumbura idan ta sha zafi.

Idan gangar ce ta ƙi juyawa, sai a wanke ta. Ƙurar hunturu kan shiga ramin mabuɗi ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar laka, sannan ta bushe ta riƙe farantan. Ana fesa man kwance tsatsa irin WD-40, ko maganin wanke kayan lantarki, ta siririn bututun da ke zuwa da gwangwanin, bayan an tare ƙasan da tsumma don kada ya ɓata roba ko katako. A bar shi ya jiƙa na mintuna goma zuwa sha biyar, a zura mabuɗin a zare sau da yawa, ana goge baƙin dattin da ke fitowa a jikinsa. Bayan nan sai a riƙa murɗawa dama da hagu kaɗan-kaɗan da yatsu kawai. Idan mabuɗin ya cinye, janyo shi baya ɗan kaɗan ko ɗaga shi sama yayin murɗawa kan sa haƙoran su dace.

Abubuwan da ya kamata a guje wa su ne baƙin mai, man gyaɗa da manja. Suna iya sa makullin ya buɗe yau, amma za su tara ƙura su daskare, matsalar ta dawo fiye da da. Haka kuma ba a kama mabuɗi da filaya a murɗa. Mabuɗan wancan zamani sirara ne, kuma ƙarfin filaya ya isa ya karya su a cikin ramin.

Idan mabuɗin ya riga ya karye a ciki, kada a tura guntun da wani ƙarfe, kada kuma a yi ƙoƙarin liƙa shi da gam, domin gam ɗin zai manne farantan gaba ɗaya. A mayar da gangar inda take kafin a murɗa, a fesa mai kaɗan, sannan a zura siririn ƙarfe mai haƙora, kamar guntun ƙaramin zarto, ta gefen guntun a jawo shi waje.

Shiga ta bayan gida

Idan duk wannan bai yi ba, ana neman hanyar kaiwa ga sakatar ba ta gaba ba. Kafin a sa hannu a bayan dashbod, a cire wayar batir ta ɓangaren da ke da alamar ragi, domin wayoyin tsohuwar mota kan bushe su tsattsage, kuma ƙarfe na iya haɗa wuta.

A motoci da yawa hinjin murfin yana ƙasa, kuma ana iya ganin sukurorinsa idan aka kwanta a gaban kujera aka haska da tocila. Kwance su kan ba murfin damar saukowa ta ƙasa har harshen ya zame. A wasu kuma, cire rediyo ko faifan da ke ƙarƙashin dashbod kan buɗe ƙofar da hannu ko doguwar sukundireba za ta kai ga sukurorin ƙarfen da harshen ke kamawa. Beetle mai shimfiɗaɗɗen dashbod ta fi sauƙi: tunda injinta a baya yake, bayan aljihun yana cikin but ɗin gaba, kuma akwatin kwali ne mai kauri da ɗamara ke riƙe da shi. Sai dai a wasu samfuran Beetle hannun buɗe but ɗin yana cikin aljihun kansa, don haka sai an duba.

Idan akwai 'yar tazara tsakanin murfi da dashbod, ana iya zura siririn abu na roba mai ƙwari a tura harshen baya, bayan an liƙa tef a gefen don kare fenti. Wannan na aiki ne kawai idan harshen mai sifirin ne kuma ba a kulle yake ba. Motar da ke da jakar iska ta kariya a ɓangaren fasinja ba a yi mata irin wannan lalube. A kai ta wurin masani.

Lokacin kiran mai gyaran makulli

Makullin faranti na daga cikin mafiya sauƙi a wurin ƙwararren mai yankan mabuɗi. Yakan iya buɗe shi da kayan aikinsa ba tare da ya ɓata komai ba, ya zare gangar, ya duba farantan, ya yanka sabon mabuɗi a kansu. Wannan ya fi kwafar tsohon mabuɗi, domin kwafin mabuɗin da ya cinye yakan fito da aibin na asalin. A wasu motoci akwai lamba da aka buga a jikin gangar, wadda da ita ake iya yanka mabuɗi daidai da na kamfani. Mai gyaran da ya san aikinsa zai nemi shaidar cewa motar ta mai kiransa ce, kuma bai kamata a ga laifinsa ba.

Huda makullin da injin huda shi ne mataki na ƙarshe. Idan ya zama dole, a fara da siririn baki a tsakiyar ramin mabuɗi, a huda gangar kaɗai har farantan su zube, sannan a juya ta da sukundireba. Ta haka makullin ne kawai zai tafi, murfin ya tsira. Kafin a huda, ya kamata a tabbatar an sami wani. Kasuwannin kayan gyara irin Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano su ne inda ake neman sassan da aka ciro daga matattun motoci, kuma gara a sayi makulli tare da mabuɗinsa. Wanda ya ɓalle murfi don ya huta da neman mai gyara, shi ne Hausawa ke cewa garin neman gira ya rasa ido.

Bayan an buɗe

Buɗewar ba ita ce ƙarshen aiki ba. Kada a sake rufe murfin sai an gano abin da ya jawo matsalar. A cire makullin, a wanke shi, a bar shi ya bushe sarai. Idan za a zare farantan, a jera su bi da bi yadda suka fito, domin kowanne da gurbinsa, kuma sifirin ɗinsu ƙanana ne ƙwarai, suna saurin ɓacewa. A cikin gangar, busasshen garin bakin fensir ya fi dacewa da yanayi mai ƙura, amma ba a haɗa shi da mai, domin haɗin kan zama kunu mai kauri. Harshen sakata da ƙarfen da yake kamawa su ne ke buƙatar ɗan giris kaɗan. A sassauta sukurorin ƙarfen a daidaita shi yadda murfin zai rufe da ɗan turi mai sauƙi, sannan a gwada makullin sau da yawa murfin na buɗe kafin a rufe shi.

Daga nan sai kiyayewa: a rage kayan da ake cusawa, a riƙa murɗa makullin lokaci-lokaci ko da ba a buƙata, a yanka mabuɗi na biyu a ajiye a gida, a kuma rufe dashbod daga rana idan mota za ta daɗe a tsaye. Takardun mota kuwa, yana da kyau a ɗauki hotonsu a waya, a ajiye kwafi a wani wuri daban a cikin motar, ta yadda ranar da makullin ya sake cijewa a bakin shinge direba zai sami abin nunawa kafin ya kai ga mai gyara.