Daga Gobero Zuwa Karar Wudil: Tsayin Mutum da Cimarsa

Kowace shekara, idan lokacin tantance masu neman shiga makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda ya zo, garin Wudil yakan cika da samari daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, kuma cikin sharuɗɗan da ake gindaya musu akwai guda wanda karatu ba ya gyara shi, watau kada tsayin namiji ya gaza mita 1.67. A irin wannan lokaci ne na ga wani yaro a rumfar mai shayi ya jingina da bango ya miƙe wuya, abokinsa ya ɗora masa littafi a ka yana shata alama da gawayi. Da aka auna aka tarar saura kamar yatsa biyu, sai yaron ya yi shiru, gardama kuwa ta kaure a kan benci. Wani dattijo ya ce tsawo gado ne, ba a sayensa a kasuwa. Wani ya ce ai mutanen zamani ne suka ƙanƙance, na dā su ne samudawa.

Maganar mutanen dā tana da asali. Ya tabbata a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa tsayin Annabi Adamu, alaihissalam, zira'i 60 ne, kuma halitta ta yi ta raguwa bayansa. Wannan babi ne na naƙali wanda muka karɓa da imani. Littafin Tarihin Kano ma, inda yake zancen Dala da Barbushe, ya siffanta wani ƙaƙƙarfan maharbi mai girman jiki da ke kashe giwa da sanda. Abin da nake nufi a nan ƙarami ne bisa ga wannan, shi ne ɗan taƙin da ke raba al'umma da al'umma, da uba da ɗansa, wanda ake iya aunawa a ƙasusuwan da ƙasa ta adana.

Masu tonon kufai sun tarar cewa mazan da suka rayu a Girka da Turkiyya a ƙarshen zamanin ƙanƙara, suna farauta da tsintar 'ya'yan itace, tsayinsu ya kai wajen santimita 175, alhali manoman da suka zauna a wuraren bayansu sun sauko zuwa wajen 160. Amma ba sai mun je nesa ba. A shekarar 2000 wani Ba'amurke mai suna Paul Sereno, yana yawon neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe a hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas, ya ci karo da wata maƙabarta a wurin da ake kira Gobero, mai kaburbura wajen 200, a bakin wani tafki da ya ƙafe tun tuni. Mutanen farko da aka binne a wurin, tsakanin shekara ta 7700 da 6200 kafin haihuwar Annabi Isa, ƙarti ne masu kaurin ƙashi, waɗansunsu sun kusa mita 2, kuma a jujinsu an sami masu na ƙashi da ƙayoyin giwan ruwa manya. Sa'an nan fari ya kore su har na kusan shekara 1000. Da ruwa ya dawo, tafkin bai koma zurfinsa na dā ba, kifinsa ƙanana ne, waɗanda suka zauna bakinsa kuwa gajeru ne sirara. Masana sun yi saɓani a kan ko jinsi ɗaya ne, ba kuwa zan ɓoye wannan ba. Amma ni dai idona yana kan jujin nan biyu. Jirgin Dufuna da aka gano a ƙasar Yobe a 1987, mai shekaru wajen 8000, shaida ne cewa masu irin wannan rayuwa ta bakin ruwa sun zauna a kwarin da ruwan kogin Wudil yake gangarawa.

Bayan haka gero ya zo. Mafi daɗewar alamarsa a matsayin shuka an same ta a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, wajen shekara ta 2500 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba na raina gero, domin da shi aka tara jama'ar da ta gina ganuwar Kano, kuma rumbu ya fi daji amana. Sai dai tsaba tsagwaronta tana cika ciki ne, ba ta isa ta miƙar da ƙashin yaro matuƙar ba a haɗa ta da nono ko kifi ko wake ba.

To, ina hujjar dattijon da ya ce gado ne? Tana da ƙarfi idan ana kwatanta mutum biyu da suka tashi a gida ɗaya suna cin tuwo a akushi ɗaya. Tana raunana idan aka kwatanta al'umma da kanta a zamani biyu. Mutanen Holan a tsakiyar ƙarni na 19 matsakaicin tsayin mazansu bai wuce wajen santimita 165 ba, yau ya kai 183, alhali nasabarsu ba ta sāke ba, kuma suna cikin waɗanda suka fi kowa shan madara da cin cuku. Koriya ta Kudu da ta Arewa jini ɗaya ne da siyasa ta raba, ga shi samarin kudu sun ɗara na arewa ƙarara. Har a kan manoman farko na Turai, wani bincike na 2022 da ya gwada ƙashi da ƙwayoyin gado ya nuna sun gaza abin da gadonsu ya tanadar musu da kusan santimita 4. Gado yana yanka wa mutum iyaka, cima ce ke kai shi gare ta ko ta tsayar da shi a hanya.

A ƙasarmu kuwa masifu sun yi ta bin hanyar nono da hatsi. Wajen 1890 annobar bushiya ta share garken shanu daga Barno har Sakkwato. A 1914, jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano kasuwar gyaɗa ta buɗe, aka yi yunwar Kakalaba. A 1973 fari ya sake maimaita darasin. Wani babban nazari na 2016 kan tsayin waɗanda aka haifa tsakanin 1896 da 1996 ya nuna matan Koriya ta Kudu sun ƙaru da santimita 20, alhali a waɗansu ƙasashen Afirka, har da Nijar maƙwabciyarmu, tsayi komawa baya ya yi. Ƙidayar lafiya ta Nijeriya ta 2018 kuma ta sami kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a tsumbure, a arewa maso yamma kuwa kashi 57. Wannan adadi yana hana ni barci, domin 'ya'yan maƙwabtana ne.

Likitoci sukan ce cuta ce ke tsumbure yara, watau gudawa da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki, kuma gaskiya suka faɗa, don yaron da ke zawo abincinsa zuba yake yi. Amma na fi jingina ga cima, saboda yaron da ya ƙoshi da abin kirki yakan tashi daga cuta ya cim ma tsararsa, kuma su kansu likitocin sun yi ittifaƙi cewa kwana 1000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara 2, su ne lokacin da ake yanke mafi yawan hukuncin. A daidai wannan lokaci ne muke yaye yaro da koko tsararo, a ba maigida tsokar kifi, a hana yaro ƙwai wai kada ya koyi sata.

Ran Juma'a, wanda ya tsaya a Karar Wudil zai ga shanu iyakar ganinsa, dillalai suna tafawa, manyan motoci suna lodi suna nufar kudu. A gefen gada mata suna soya ƙarfasa da tarwaɗa don matafiyan hanyar Maiduguri. Na tambayi wata Bafillatana mai tallan nono su wa suka fi sayen kindirmonta, ta ce direbobi da ma'aikata. Matan unguwa kuwa tsala suke saye, su ƙara masa ruwa ya ishi gida. Ɗanta na goye a bayanta, ya kai wata goma, kuma da ta zauna a inuwa ta ɗebi kindirmon da ludayi ta fara ba shi kafin ta sallami kowa.