Daidaita Mazaunin Bayanai a Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Daidaita mazaunin bayanai shi ne ajiye bayani a adireshin da ke rabuwa daidai da wata ƙayyadajjiyar lamba, galibi girman bayanin kansa. Lamba mai bayit 4 takan zauna a adireshi 0, 4 ko 8, domin na'urar sarrafawa ta ɗauke ta a karo guda. In lambar ta gitta iyakar irin waɗannan adiresoshi, ɗauka ɗaya kan iya komawa biyu.

Manhajar da ke juya rubutun mai shiri zuwa harshen inji ita ke cike giɓi tsakanin bayanai domin su daidaita. A harshen C, idan harafi mai bayit 1 ya gabaci lamba mai bayit 4 a tsari guda, yawanci ana cusa bayit 3 na banza a tsakani, jimilla ta koma 8. Jera manya kafin ƙanana yana rage wannan asara, kuma dabara ce da ta cancanci a koya wa ɗalibi tun da wuri.

Na'urori ba halinsu ɗaya ba. Dangin x86 na Intel da AMD suna jure karkataccen adireshi a yawancin umarni, amma SPARC tana tsayar da shirin nan take. ARM, wadda ke cikin akasarin wayoyin hannu, sai a ARMv6 ta fara lamunta.

A 2011 ƙa'idar C11 ta harshen C ta kawo _Alignas da aligned_alloc domin mai shiri ya ƙayyade daidaiton da kansa, ƙa'idar C++11 ta harshen C++ kuma ta kawo alignas. Akwai kuma #pragma pack mai matse giɓin, wanda ke amfani wajen karanta fayil ko saƙon intanet, sai dai yakan rage sauri, wani lokaci ma ya karya shirin.